Yadda ake faɗa wa mutum kana ɗauke da HIV ba tare da ka jefa kanka a matsala ba

Wannan bayanin na matasa ne maza da mata da suke shan maganin HIV a nan Legas, waɗanda abin ya fara yi musu nauyi a ciki suna so su faɗa wa wani. Ni ma ina kan maganin shekara da shekaru, na faɗa wa nawa mutanen, kuma a ƙungiyarmu ta matasa aikina kenan in zauna da mutum mu tsara yadda zai yi maganar, wani sa'in ma ni nake raka shi. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin rubutu amma har da ke 'yar'uwa nake, inda abin ya bambanta zan faɗa.

Ba dole ba ne kowa ya sani, wannan ka riƙe shi tun yanzu. Abokan majalisa, maigidanka na kasuwa, malaman makaranta, babu wanda yake bin ka bashin wannan labarin. Dokar hana nuna wa masu HIV bambanci da aka sa wa hannu a 2014 ta haramta a tona matsayin mutum ba da izininsa ba, ta kuma haramta a ce sai ka yi gwajin HIV kafin a ɗauke ka aiki. Wanda haƙƙinsa yake wuyanka shi ne wanda kuke haɗa shimfiɗa ko za ku yi aure, sauran kuwa zaɓinka ne. Kuma magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, shi ya sa za ka ga shirin ya fi maganar kanta tsawo.

Abubuwan da za ka tanada

Takardar gwajinka na ƙarshe na yawan ƙwayar cutar a jini, wanda a kilinik ake ce wa bairal lod. In ba a ba ka ba ka roƙi nas ta rubuta maka lambar da kwanan watan. Amfaninta shi ne wanda yake shan magani kullum har ƙwayar ta sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, ta kuma zauna a haka, ba ya sa wa wani ta hanyar jima'i, an yi bincike an tabbatar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Yawanci cikin wata 6 da fara magani ake kaiwa nan in ba a tsallake. Wannan takardar ta fi duk wata rantsuwa da za ka yi.

Maganin kamar na sati biyu da katin asibitinka, ka ajiye su a wani waje daban da inda kake kwana, ko a jakar da kake fita da ita. Dalili, in abu ya ɓaci aka rufe maka ƙofa ko aka watsar maka da kaya, kar maganin ya tafi tare da su. Ka zuba a kwalbar magani busasshiya mai murfi, kar ka ƙulle a leda, danshin Legas ba ya barin ƙwaya lafiya.

Wajen kwana na dare ɗaya ko biyu da kuɗin motar da zai kai ka can, tsabar kuɗi a aljihu ba a banki ba. Yawancin mutane ba sa ma buƙatarsa a ƙarshe, amma wanda ya san yana da inda zai je muryarsa ba ta rawa kamar wanda bai da shi.

Mutum ɗaya da ya riga ya sani, wanda za ka kira kafin ka shiga da bayan ka fito. In babu kowa to mai ba da shawara na kilinik ɗinku ya isa. Asibitoci irin su LUTH a Idi-Araba, LASUTH a Ikeja da cibiyar NIMR a Yaba duk suna kula da masu HIV, haka manyan asibitocin gwamnatin jiha. Ka tambaya ko suna da kulob ɗin matasa masu shan maganin HIV da ake kira OTZ, ko su haɗa ka da 'yan APYIN, ƙungiyar matasa masu ɗauke da cutar, ko NEPWHAN, ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa baki ɗaya. Can za ka samu waɗanda suka riga ka bin hanyar.

Sai waya mai caji da kati a ciki. Shi kenan kayan.

Mataki na 1: ka fara zama da kanka

In satin nan aka ba ka sakamako, dakata. Banda mutum ɗaya da zai riƙe ka, kar ka faɗa wa kowa tukuna, saboda wanda yake cikin firgici firgicin yake miƙa wa na gabansa, kai kana kuka shi yana salati, babu mai bayani a cikinku. Ka fara magani, ka je kilinik sau biyu sau uku, ka yi duk tambayoyinka har ka gane abin da yake jikinka. Sannan ka gwada furta maganar da baki ba a zuci ba, a banɗaki ko a gaban mai ba ka shawara. Da yawa sai a nan suke gane kalmar ma ba ta fita daga bakinsu, to gara ta maƙale a gwaji da ta maƙale a gaban Umma.

Mataki na 2: zaɓen mutum

Tambayi kanka me kake so a wajen wannan mutumin. Mai tuna maka magani, mai raka ka asibiti, ko dai kawai ka gaji da ɓoye wa wanda kake ƙauna? Duk dalilai ne masu kyau. Amma in amsar ita ce "don ya ji tausayina" ko "don in rama abin da ta yi min", bari.

Daga nan ka duba bakinsa. Hanya mafi sauƙi, ka tuna sirrin mutum nawa ya taɓa kawo maka yana cewa "kar ka faɗa wa kowa fa". Wanda ya ba ka labarin cikin shegen ƙanwar abokinsa, naka ma haka zai kai gaba, ko da yana son ka har ransa. Kuma mu Hausawan Legas mun san kanmu, gari ne na miliyoyin mutane amma mu zangonmu ƙarami ne, ɗan Agege ya san ɗan Mile 12, ɗan Mile 12 yana da ɗan'uwa a Alaba Rago, direban tirelar da ya sauke tumatir yau jibi yana garinku. Maganar da ta fita a teburin mai shayi a Idi-Araba tana iya riga ka isa wajen mahaifiyarka a Funtuwa, kuma ta isa a karkace.

Abu na uku, ka duba me yake hannunsa naka. In shi ke ba ka wajen kwana, ko a shagonsa kake, ko shi ke biyan kuɗin makarantarki, to ba shi za ka fara faɗa wa ba komai kirkinsa. Fara da wanda ko ya juya maka baya ba za ka kwana a ƙarƙashin gada ba. Sau da yawa yaya mace ko gwaggo mai hankali ta fi iyaye sauƙin farawa, daga baya ita za ta taya ka shiga wajensu.

Ku kuma da aka haife ku da ita, naku akwai ƙarin nauyi, duk wanda ka ce wa "da ita aka haife ni" ka faɗa masa matsayin mahaifiyarka kenan, wataƙila har na mahaifinka. In tana raye ku yi magana da ita tukuna. In ba ta yarda ba kana iya faɗin naka ka tsaya a nan, ka ce tun ina ƙarami nake shan magani, sauran bayanin ba yau ba.

Mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Kar ka tara dangi.

Mataki na 3: ka ji ta bakinsa tukuna

Kwana biyu ko sati kafin ranar, ka jefo zancen daga nesa. Misali ka ce ka ji a rediyo jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwajin HIV da na jini kafin a ɗaura aure, shi me ya gani? Ko ka ce an ce yanzu masu cutar ƙwaya ɗaya suke sha a rana kuma suna haihuwar 'ya'ya lafiya. Sai ka yi shiru ka saurara.

Wanda ya ce "Allah sarki, ai jarrabawa ce", hanya a buɗe take. Wanda ya ce "ni ko kofi ba zan haɗa da su ba", wannan rashin sani ne kuma yana gyaruwa, sai dai ka san za ka yi aikin bayani. Wanda ya ce "ai maganinsu kenan 'yan iska, a tona musu asiri", cire shi daga lissafi a yanzu. Amma kar ka yawaita wannan gwajin, in kullum kai ne mai kawo zancen HIV a hira mai wayo zai harbo jirginka kafin ka shirya.

Mataki na 4: wuri da lokaci

Nan ne Legas take ba mu wahala. Ɗaki ɗaya mutum biyar, gidan haya ƙofa na kallon ƙofa, bangon katako, maƙwabciya tana wanki a bakin tagarka. A irin wannan gidan ko raɗa ka yi an ji, balle in wanda ka faɗa wa ya fasa kuka ko ya ɗaga murya.

Wurin da ya fi kowanne shi ne ɗakin mai ba da shawara a kilinik. Ka ce wa mutumin ka raka ni asibiti akwai maganar da nake so mu yi a can. Ƙofa a rufe, ga wanda zai amsa tambayoyin da suka fi ƙarfinka, in ya so gwaji a take a yi masa. Matsalar kawai wasu suna ganewa tun daga allon bakin ƙofa, don haka ka shirya da mai shawarar ku shiga kai tsaye ba ku zauna a layi ba.

In hakan bai samu ba, ku fita tafiya a ƙafa bayan la'asar zuwa inda ba 'yan unguwarku, ko ku zauna a kusurwar wani gidan abinci a wata unguwa lokacin da ba cunkoso. Ga iyaye kuma sai ka nemi lokacin da yara suka tafi makaranta gida ya yi shiru.

Kar ka faɗa a cikin motar haya, danfo ko bas ɗin BRT. Kar ka faɗa ana tsakiyar faɗa, kar ka faɗa da tsakar dare lokacin da ba motar da za ka hau in ta kama ka fita, kar ka faɗa ranar biki ko zaman makoki. Sannan don Allah kar ka rubuta a WhatsApp kuma kar ka yi saƙon murya. Rubutu ana ɗaukar hotonsa, murya ana turawa gaba, wayar ma ba lallai shi kaɗai yake taɓa ta ba.

In mutumin yana Arewa fa? In zai jira, bari sai ka je gida ku zauna ido da ido, ba ranar Sallah ba, kwana biyu bayanta. In ba zai jira ba ka kira kira na gaske, ka fara tambaya "Umma ke kaɗai ce? Wayar ba a bayyane take ba ko?" saboda iyayenmu da yawa a sifika suke amsa waya a tsakar gida, kishiya da jikoki duk suna ji.

Mataki na 5: maganar kanta

Gajeruwa ce, kuma tsarinta uku, neman amana, faɗin abin, sai kwantar da hankali nan take ba tare da ka bar rata ba. Ga yadda nake koya wa masu zuwa wajen uwa:

"Umma akwai maganar da nake so in faɗa miki, ke kaɗai na zaɓa, ina roƙon ki riƙe min ita amana ko Baba kar ya ji sai mun shirya tare. Na yi gwaji an samu ina da ƙwayar HIV. Ina shan magani kullum, likita ya ce jikina lafiya lau, ga takardar. Ba kwance nake ba kuma ba mutuwa zan yi ba in Allah ya yarda, na faɗa miki ne don ina buƙatar addu'arki."

Ga aboki kuma ba sai an yi doguwar shimfiɗa ba: "Malam akwai abin da na daɗe ina riƙewa, na yarda da kai shi ya sa. Ina da HIV, ina kan magani, ƙalau nake. Ba kuɗi nake nema ba, so nake ka sani kawai kuma ya tsaya a tsakaninmu."

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogon zagaye. Mutum ya yi minti ashirin yana "ka san rayuwa, ka san ƙaddara", na gabansa ya gama tsorata yana zaton kisa aka yi. Na biyu, yawan ba da haƙuri kamar mai amsa laifi a gaban alƙali, in ka shiga a matsayin mai laifi haka za a karɓe ka. Na uku, ka ce kana da ƙwayar HIV, kar ka ce ƙanjamau, saboda ba abu ɗaya ba ne, ƙanjamau shi ne matakin da garkuwar jiki ta riga ta rushe don rashin magani, kuma hoton da manyanmu suke da shi a kai kenan tun shekarun da babu magani, mutum ya rame ya ƙare a kan tabarma.

Da ka gama, yi shiru. Shirun zai yi tsawo, za ka ji kamar ka cike shi da surutu, daure. Kai ka yi watanni kana haɗiye abin, shi yanzu ya ji. Kuka, salati, tashi a fita waje a dawo, duk ba ƙi ba ne.

Mataki na 6: tambayoyin da za su biyo baya

"A ina ka samo?" Ita ce ta farko kusan kullum, kuma ba dole ka amsa ba. Ka ce "wannan ba zai canza komai ba yanzu, abin da nake so mu yi magana a kai shi ne yadda zan ci gaba." In ka fara lissafo sunaye ka tona wasu, zancen kuma ya koma shari'a.

"Mu ma mun kamu?" A'a. Ba a ɗauka ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko kofi, ko buta, ko banɗaki, ko musabaha, ko cizon sauro. Hanyoyinta jini ne, da jima'i, da uwa zuwa jariri a ciki ko wajen haihuwa ko shayarwa. Abin da za a raba a gida reza ce da buroshin haƙori da duk abin da yake huda fata, wanda dama bai kamata a haɗa ba.

Duk da haka ka sa ran ganin wani abu a gida. Akwai yarinyar da na raka, uwar ta rungume ta ta yi kuka ta yi mata addu'a, washegari da safe sai ga kofin roba ja da cokali ɗaya an ɗaura masa zare a wuya an ajiye mata a gefen taga, ƙannenta kuma an ce kar su taɓa. Yarinyar ta kira ni tana cewa gara da ba ta faɗa ba. Ba mu yi faɗa da uwar ba, ranar karɓar magani muka tafi da ita, nas ta zaunar da ita ta yi mata bayani da Hausa, ta ga wasu iyaye a kan benci da 'ya'yansu ƙato-ƙato cikin kayan makaranta. Zaren ya ɗan ƙara kwanaki a wuyan cokalin kafin ya ɓace. Tsoro ne, kuma bakin ma'aikacin lafiya ya fi naka tasiri a wajen iyaye.

"Za ka yi aure? Za ki haihu?" Eh. Mace mai shan magani yadda ya kamata, tana zuwa awo, ta haihu a asibiti a ba jaririn nasa maganin, damar ta haifi ɗa lafiya tana da yawa ƙwarai.

Sai kuma wadda ta fi haɗari don da ƙauna ake kawo ta: "akwai wani mai magani a wajen kaza, an ce yana warkar da ita." Addu'a kam a yi ta, ba ta hana shan ƙwaya. Amma duk wanda ya ce ka ajiye maganin asibiti, ko ya ba ka jarkar jiƙo ya ce bayan wata uku ka warke, ka ce a'a da ladabi ka kuma tsaya a kan a'ar. Har yau maganin danne ƙwayar yake yi ba kashe ta ba, ka daina sha ta dawo, wani lokacin ta dawo ta ƙi jin maganin da kake sha. Ko jiƙon da za a ce a haɗa da na asibiti, ka tambayi likita tukuna.

Mataki na 7: saurayi, budurwa da maganar aure

Lokacinsa shi ne bayan kun fahimci juna da gaske amma kafin abu biyu, kafin ku haɗa jiki, kuma kafin manya su shigo. Ba ranar haɗuwar farko ba, wanda ba ka san halinsa ba bai cancanci sirrinka ba. Amma kar ka bari sai an kai kuɗin gaisuwa an sa rana an fara ɗinkin anko. Yanzu iyalai da masallatai da yawa suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, in a nan abin ya fito to ba mutum ɗaya ne ya ji ba, dangi biyu ne, kuma abin da za su riƙe ba cutar ba ce, ɓoyewar ce. Masu zuwa su sayi takardar bogi kuwa, wannan zalunci ne ba wayo ba, kuma dokar jihar Legas ta 2007 da take kare masu ɗauke da cutar ita ce dai ta haramta sa wa wani da gangan.

Ka faɗa kamar yadda na tsara a sama, ka ɗora da cewa "na faɗa miki ne tun yanzu don ki yanke shawara da saninki, ba sai kin ba ni amsa yau ba, in kina so mu je wajen likitana tare ki tambaye shi duk abin da kike so." Ka nuna takardar bairal lod. Ka yi bayanin cewa akwai ma'aurata da yawa ɗaya yana da ita ɗaya ba shi da ita, kuma bayan danne ƙwayar akwai kwaroron roba, akwai kuma PrEP, maganin kariya da wanda ba shi da cutar yake sha. Tana iya cewa a'a, haƙƙinta ne, abin da za ka roƙa shi ne ta rufa maka asiri ko da ba a yi auren ba, ku ma shirya dalilin da za a faɗa wa mutane tare.

In kun riga kun haɗa jiki ba ka faɗa ba, to an shiga wani babin amma ba a makara ba. In abin bai wuce awa 72 ba, babu kariya, kuma ƙwayarka ba a danne take ba ko ba ka sani ba, maganar ba ta jiran shiri, a je asibiti yau a nema wa wanda kuka haɗa jikin PEP, maganin gaggawa na hana kamuwa, ana shan sa kwana 28 kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. In ya wuce haka sai gwaji, a kuma maimaita bayan wata 3 don gwajin farko ba lallai ya nuna sabon kamu ba.

In ba za ka iya buɗe baki ba, ko kuma tsohuwar alaƙa ce da ba ka son komawa, ka gaya wa kilinik. Suna da tsarin da ma'aikaci zai kira mutumin ya gayyace shi gwaji ba tare da ya ambaci sunanka ba. Ko kuma ku je a matsayin masu gwajin kafin aure, mai shawara ya riga ya san komai, a yi maganar a gabansa.

'Yan'uwa mata ku saurara da kyau a nan. In mutumin nan ya taɓa ɗaga miki hannu, ko yana miki barazana, ko yana bincike a wayarki, kar ki faɗa masa ke kaɗai a ɗaki, ko mijinki ne. A kilinik za a yi, ko a gaban wani babba da kika yarda da shi, jakarki da maganinki suna wani waje tun kafin nan. Mata da yawa a wajen awon ciki ake fara gano su, sai mijin ya ce ita ta kawo alhali shi bai taɓa gwaji ba, kuma wanda aka fara ganowa ba shi ne lallai ya fara kamuwa ba. In an kai ga duka ko kora, Legas tana da hukumar DSVA mai kula da cin zarafi a cikin gida, mai ba ki shawara zai iya haɗa ki da su.

Mataki na 8: kwanakin da suka biyo baya

Ka kira mutuminka na farko ka gaya masa yadda aka yi, ka ci abinci, ka sha maganinka a lokacinsa ko me ya faru. Wannan daren ne mutane suka fi tsallake magani, wasu don baƙin ciki wasu don murna.

Bayan kwana biyu ko uku ka koma wajen wanda ka faɗa wa, ka tambaye shi ko akwai abin da ya tsaya masa a rai. Ka kuma ba shi mutum ɗaya da zai iya yin maganar da shi, mai shawararka ko yayarka da ta sani, saboda in ka ce kar ya faɗa wa kowa sam nauyin zai yi masa yawa ya je ya sauke inda ba ka so.

In maganar ta fita fa? Kar ka bi mutane ɗaya-ɗaya kana ƙaryatawa ko kana rantsuwa, yana ƙara mata ƙarfi ne. Wanda ya tare ka ka ce "lafiyata tsakanina da likitana ce" ka wuce. Ka je wajen wanda ya fitar ka gaya masa ya daina, in da hali da wani babba a gefe. In kuma ta kai ga an kore ka daga aiki ko makaranta ko gidan haya, ko ma'aikacin lafiya ne ya tona ka, ka rubuta ranar da abin da aka faɗa da waɗanda suke wajen, ka ajiye duk wani saƙo, ka kai wa NEPWHAN ko hukumar LSACA mai yaƙi da cutar a jihar Legas ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa.

Waɗanda kuma ka yanke ba za ka faɗa musu ba, su ma sai da shiri. Abokan ɗaki za su ji ƙarar ƙwaya a kwalba su ga ƙararrawar wayarka tana bugawa lokaci ɗaya kullum, ka mayar da ita mai girgiza kawai, ka tanadi amsa gajeriya guda ɗaya wadda ba za ka riƙa canzawa ba, "magani ne likita ya ɗora ni a kai" ta wadatar. Da azumi ka yi magana da likita tun kafin watan ya kama a daidaita maka lokacin sha ya koma dare. Maigida kuma "ina da ganin likita" kawai zai ji, in ƙwayarka a danne take ka tambayi kilinik su riƙa ba ka maganin wata 3 ko 6 a tafi ɗaya don fitarka ta ragu. In kuma kilinik ɗin unguwarku cike yake da idon sani, ka nemi takardar canjin asibiti zuwa wata unguwa, ana bayarwa, sai dai ka lissafa kuɗin mota da cunkoson hanya kafin ka zaɓi mai nisa don kar nisan ya sa ka fara fashin zuwa.